Namu Yana Fagen Daga: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Soja da Iyalinsa Ke Jin Juna

Na tattaro tambayoyin nan daga bakin iyaye, matan aure, ƙanne da 'ya'yan sojoji, waɗanda duk inda suka haɗu sai zancen ya koma kan abu guda: kun ji daga naku? Ni ma na yi wasunsu lokacin da Yayana ya yi wata goma sha ɗaya a bakin daga. Kowace runduna da irin dokarta, saboda haka abin da hukumar naku sojan ta faɗa shi ne gaba da abin da na rubuta. Na yi ta cewa "shi" don sauƙin magana. In taku mace ce, amsar ba ta canja ba.

Ana barin soja ya tuntuɓi gida alhali ana cikin yaƙi?

Ana bari, har ma ana so. Rundunonin duniya sun daɗe da gane cewa sojan da hankalinsa ya rabu biyu, rabi a rami rabi a gida, aikinsa ba ya kyau. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasiƙu wajen miliyan 12 ne suke fita daga Birtaniya duk mako zuwa ga sojojinta, kuma wadda aka jefa a Landan takan isa ramin soja a Faransa cikin kwana biyu zuwa uku. Gwamnatin da ke fama da ƙarancin jiragen ruwa ba za ta ɗauki wannan ɗawainiya don nishaɗi ba. Wasiƙa cikin kayan yaƙi aka lissafa ta.

Yanzu hanyoyin sun ƙaru: wayar salula inda akwai sabis, wayar tauraron ɗan'adam da wasu rundunoni kan ba sojoji su kira gida na 'yan mintoci, intanet a manyan sansanoni, sai kuma wasiƙar takarda. Amma dukansu a hannun kwamanda suke. Yana iya buɗewa yau ya rufe gobe, kuma ba wanda zai yi wa bayani.

Me ya kamata mu daidaita kafin ya tafi?

Ku zaunar da shi da biro da takarda. Ku rubuta cikakken sunansa yadda yake a takardun aiki, ba sunan da kuke kiransa a gida ba, da lambar aikinsa, da muƙaminsa, da sunan bataliya ko rundunar da yake ciki, da lambar ofishin da ke kula da iyalai a barikinsu. Ku tambaye shi wa ya rubuta a matsayin magajinsa a fayil, kuma da wace lambar waya. An sha ganin wanda ya cike wannan takarda yana saurayi, ya yi aure ya haihu, har yanzu sunan kawun da ya rasu ne a ciki.

Sannan ku fitar da mutum ɗaya da zai riƙa kira in lokaci ya ƙure, shi kuma ya isar wa sauran. Mai minti uku ba zai iya zagaye dangi ba, kuma "ya kira wance ni bai kira ni ba" ta haddasa gaba a gidaje da yawa. Ku kuma ajiye wata tambaya da daga ku sai shi kuka san amsarta. Amfaninta yana cikin amsar da ta shafi 'yan damfara. Na ƙarshe, ku tambaye shi ƙarara ko yana so a riƙa gaya masa labari marar daɗi yana can, ko a jira.

Sau nawa za mu sa ran jin muryarsa?

Ba adadi. Wanda ke babban sansani yana iya kira kullum, wanda ke can gaba yana iya yin makonni. Mutum ɗaya ma yakan yi wannan a wata guda, ya yi wancan a wata mai bi masa. Kada ku sa shi ya yi muku alƙawarin rana, irin "duk Juma'a", domin Juma'ar farko da ya saɓa ba wanda zai runtsa a gidan.

Yau kwana goma sha ba mu ji shi ba. Wani abu ya same shi ne?

Ana cewa shiru ma magana ce, amma shirun fagen daga yawanci ba abin da yake faɗa. Dalilansa sun fi a ƙirga: ba wutar caji, an lalata turakun sadarwar yankin ko hukuma ta kashe su da gangan, an ɗauke su zuwa wani wuri cikin dare, an karɓe wayoyin kowa kafin a fita aiki, wayar ta faɗa ruwa. Yayana ya taɓa yin kwana goma sha tara shiru. Umma ta daina rabuwa da waya, ko wanka za ta shiga sai ta miƙo mini ta ce, "In ta yi ƙara ki ƙwanƙwasa mini, ko da sabulu a idona." A dare na ashirin, wajen ƙarfe uku, wata baƙuwar lamba ta shigo. "Umma, ni ne. Lafiyata ƙalau. Janaretonmu ne ya mutu." Bai kai minti ɗaya ba layin ya yanke. Janareto ne ya hana mu barci kusan mako uku.

Akwai kuma shirun da hukuma ke sawa da niyya, wanda ya kamata kowane iyali ya sani. Lokacin yaƙin Afganistan, sojojin Birtaniya suna da tsarin da suke kira Minimise: da zarar an kashe soja ko ya ji mummunan rauni, sai a rufe wayoyi da intanet na kowa har sai an je an sanar da iyalin wanda abin ya shafa. Sojojin Amurka ma suna da irinsa. Manufar ita ce kada uwa ta fara jin mutuwar ɗanta daga bakin maƙwabciya ko a Facebook. Ma'ana, dubban gidaje kan ji shiru saboda gida ɗaya, kuma wancan gidan ba shiru yake ji ba, zuwa ake yi a same shi. Mummunan labari a aikin soja yana da masu kai shi, kuma sauri suke yi.

Yaushe ya dace a bincika? In shirun ya zarce wanda kuka saba nesa ba kusa ba, kuma kun tabbatar abokan aikinsa na wuri ɗaya suna ta kiran nasu gidajen, to mutum ɗaya ya je ofishin iyalai da waɗancan bayanan da kuka rubuta. Kada a fara da zauren WhatsApp na matan sojoji. Yana da amfaninsa, amma a ranar tashin hankali jita-jita ce ke riga kowa shiga.

Me ya sa ba ya gaya mana inda yake, ko ranar dawowarsa?

Domin an hana shi, kuma hanin yana da hujja. Inda runduna take, yawanta, irin makamanta, ranar da za ta motsa da hanyar da za ta bi, su ne abubuwan da abokan gaba ke biyan kuɗi su sani. Ranar dawowa ma tana ciki, don ayarin da aka san lokacin tashinsa ana iya yi masa kwanton ɓauna. In ya ce "muna nan dai", ku karɓa haka. Matsa masa da tambaya na jefa shi tsakanin saɓa wa doka da ɓata muku rai. Kuma kada ku ƙirƙiro wata zaurance tsakaninku, a ce "gidan Inna" na nufin gari kaza. Rundunoni sun hana wannan tun zamanin wasiƙa, kuma warware irinta ba ta da wuya ga wanda aikinsa ke nan.

Da gaske wayar salula tana iya jawo musu hari?

Da gaske. Wayar da ke kunne tana ta neman turakun sadarwa ko ba a kira da ita ba, kuma akwai na'urorin da ke gano daga ina wannan siginar take fitowa. Waya ɗaya a daji ba lallai ta ja hankali ba, amma ɗari a gini guda sun isa shaida. A daren shiga shekarar 2023, rokokin Ukraine sun faɗa kan wani gini a garin Makiivka na gabashin Ukraine, da sojojin Rasha ke kwana a ciki. Ma'aikatar tsaron Rasha ta amsa mutuwar 89, ta kuma ɗora laifin kan wayoyin da sojojin suka kunna duk da an hana. Da yawa a Rasha sun ce kwamandojin da suka cusa mutane a wuri guda ne ke neman wanda za su laƙa wa laifi, amma ba wanda ya musa cewa ana gano wuri ta waya. Tun 2019 ma majalisar ƙasar ta yi dokar hana sojoji riƙe wayoyin zamani a bakin aiki.

Wani lokacin ba sai an kira kowa ba. A watan Janairun 2018 aka lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna zanen sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji na gudun safe suna zagaye shingen da manhajar a kunne. Cikin shekarar Amurka ta hana sojojinta da ke wuraren yaƙi kunna abin da ke nuna inda mutum yake. Don haka in wayarsa ta kwana uku a kashe, wataƙila abin da ya kamata ne yake yi.

Mu da muke gida, me ya kamata mu kiyaye?

Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuma har da yatsa. Kada a ɗora hoton da ya turo daga can, ko a "status" ne, domin bayan hoton na iya nuna dutse, gini ko lambar mota da za a gane, wasu hotunan kuma suna ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke su a ɓoye cikinsu. Kada a rubuta "saura kwana biyar maigida ya dawo". Kada a ambaci sunan bataliyarsa tare da garin da kuke zato suke. In kun ji an kai hari ko an rasa wani, ku kame hannu har hukuma ta sanar. Duba abin da na ce kan Minimise a sama. Baƙon da ya ɓullo a intanet yana yabon sojoji yana tambayar "a wane yanki naku yake", a bar shi da yabonsa.

Ana karanta saƙonninsa ko sauraron wayarsa?

Ku ɗauka ana iya yi, daga ɓangarensu ko daga ɗaya ɓangaren. Tace wasiƙun soja tsohon abu ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙananan hafsoshin Birtaniya ne suke karanta wasiƙun sojojin da ke ƙarƙashinsu, su shafe duk abin da bai dace ya fita ba. Ka yi tunanin rubuta wa matarka kalaman kewa, ka san wanda zai ba ka umarni gobe da safe ne zai fara karantawa. Saboda wannan kunyar aka fito da koren ambulan a 1915: soja ya sa hannu a bayansa cewa ba komai ciki sai zancen iyali, sai ya wuce hafsoshinsa ba a buɗe ba, ko da yake ana iya buɗe shi can gaba.

Akwai kuma wani kati da aka riga aka buga jimloli a kai, irin "ina lafiya", "an kwantar da ni a asibiti", "na sami wasiƙarku". Soja ya soke waɗanda ba su shafe shi ba, ya sa suna da kwanan wata. An rubuta a jiki cewa in ya ƙara ko kalma ɗaya za a lalata katin. Sojojin Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ninke takardar suke yi ta zama mai kusurwa uku, ba ambulan ba liƙi, mai tacewa ya buɗe ya mayar. Na kawo waɗannan ne don wanda saƙon "lafiya lau" kaɗai yake samu ya san iyalai miliyoyi sun rayu a kan abin da bai fi haka ba.

In ya kira, minti biyu kawai muke samu. Me za mu ce?

Ku fara da abin da ya kira don ya ji: kowa lafiya. Sai ƙananan labarai. Da farko mun ɗauka rashin hankali ne a ba mutumin da ke tsakanin rai da mutuwa labarin haƙorin yaro da ya fita, sai muka ga su yake nema. Yaya ya taɓa cinye kira guda yana tambayar ko an gyara ƙofar da ke ƙara, da wanda ya ci jarrabawa, da ko kyanwar nan ta haihu. Bayan ya dawo ya ce da su yake gina gidan a kansa in dare ya yi.

Ku ajiye 'yar takarda kusa da waya kuna rubuta abin da za ku faɗa, don in kiran ya zo kai kan ɗauke. Kada a buɗe da ƙorafin "me ya sa ba ka kira ba". Kada a ɗauko rigimar da ba za ta ƙare cikin minti biyu ba, saboda in layin ya yanke a tsakiya, da ita zai fita aiki, ku ma da ita za ku kwana har mako. Kuka ba laifi ba ne, amma a bar shi ya ji an yi dariya kafin a ajiye.

A gaya masa rasuwa ko rashin lafiya, ko a ɓoye?

Nan ne aka fi samun saɓani, kuma shi ya sa na ce a tambaye shi tun kafin ya tafi. Ra'ayina: ƙananan matsalolin da za ku iya warwarewa, ku warware, ku ba shi labari bayan sun wuce. Babban abu kuwa, kamar rasuwar iyaye, mata ko ɗa, ɓoyewa ba ta cika yin kyau ba, balle yanzu da wani ɗan uwa zai iya tura masa ta'aziyya kafin ku buɗe baki. Wanda ya gano an rufe shi wata uku yakan daina yarda da duk "lafiya lau" da za a ce masa daga baya.

Amma yadda za a faɗa ya fi komai. Kada a tura ta tes. A bi ta ofishin iyalai su isar wa kwamandansa, domin shi ya san ko mutumin yana shirin fita aiki ne ko ya dawo, zai iya zaunar da shi tare da limami ko fasto na rundunar, kuma ta hannunsa hutun gaggawa yake fitowa in ana bayarwa.

Wasiƙar takarda tana da sauran amfani?

Tana da shi. Ba ta buƙatar caji, ba ta fitar da sigina, kuma ana sa ta a aljihu a karanta sau ashirin. Rundunoni sun yi ta dabara a kanta: daga 1941 Birtaniya ta fara ɗaukar hoton wasiƙun sojojinta a Alƙahira a kan siririn fim a kai gida ta jirgin sama, Amurka ta bi sahu a 1942, har wasiƙu 150,000 da ke cika buhu 37 suka koma buhu ɗaya.

Abu biyu za a kula. A rubuta lambar aiki da sunan runduna daidai. A 1945, da aka tura bataliya ta 6888, ta mata baƙar fata 'yan Amurka a ƙarƙashin Manjo Charity Adams, zuwa Birmingham ta Ingila don rarraba miliyoyin wasiƙun da suka taru, sun tarar da sojoji dubbai masu suna Robert Smith. Lamba ce ta raba su. Na biyu, a sa wa kowace wasiƙa lamba da kwanan wata, don sukan iso a hargitse, ta biyar kafin ta uku. Kuma ku ci gaba da aikawa ko amsa ba ta zuwa. Ku ne masu tebur da fitila.

Yara ƙanana da tsofaffin da ba sa karatu fa?

Saƙon murya ya raba wannan gardama: a ɗauka a tura, duk ranar da ya sami sabis su sauko masa gaba ɗaya. Kafin ya tafi, ya ɗauki muryarsa yana ba da labari ko yana kiran sunan kowane yaro, a riƙa kunna musu. Kada a ce wa yaro "gobe Baba zai dawo" don ya yi shiru; yara suna riƙe alƙawari fiye da manya. Tsofaffi kuma a ba su kiran su ji da kunnensu, ko na daƙiƙa goma ne. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, na runduna ta 81 da ta 82, da yawansu sai sun sami mai rubuta musu, a gida ma a nemi mai karantawa, ga shi magana ta bi ta bakin mutum biyu kafin ta isa.

Wani ya kira ya ce abokin aikinsa ne, an ji masa rauni, mu tura kuɗin magani. Mu tura?

A'a. Runduna ita ke jinyar sojanta, kuma ba ta neman kuɗi a wurin iyali don a yi masa magani, a ba shi hutu ko a dawo da shi. Masu wannan sana'a suna tsintar suna da hoto daga abin da iyalai suka ɗora a intanet, shi ya sa amsar da ta gabata kan abin da za a kiyaye take da muhimmanci. Alamarsu gaggawa: yanzu-yanzu, kada a gaya wa kowa. Ku ce a ba shi wayar, ko a tambaye shi waccan tambayar da kuka ajiye. Ko murya ta yi kama da tasa a yi tambayar, tunda yanzu ana kwaikwayon murya da kwamfuta. Sannan ku kira ofishin iyalai da lambar da ke hannunku tun asali, ba wadda mai kiran ya ba ku ba.

In abokan gaba suka kama shi, akwai hanyar jin labarinsa?

In yaƙin tsakanin ƙasa da ƙasa ne, Yarjejeniyar Geneva ta Uku ta 1949 ta tanadi wannan. Sashe na 70 ya ce da zarar an kama soja, ko cikin mako guda da isarsa sansani, a ba shi dama ya aika kati ga iyalinsa da kuma hukumar tattara bayanan fursunonin yaƙi, wadda kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, ICRC, ke gudanarwa a Geneva. Sashe na 71 ya ce in za a taƙaita masa wasiƙu, kada su gaza wasiƙa biyu da kati huɗu a wata, sashe na 74 kuma ya ce ba a biyan kuɗin aikawa. Aikin wannan hukuma ya samo asali tun yaƙin Faransa da Prussia a 1870, aka faɗaɗa shi a 1914. Akwai kuma saƙon Red Cross, takarda buɗaɗɗiya da ake rubuta zancen iyali zalla a kai, masu tsare da shi su duba kafin ta wuce.

Wannan ita ce doka. Bin ta wani abu ne daban, kuma akwai ƙasashen da suka hana ICRC ganin fursunoni. In kuma ƙungiyar 'yan tawaye ce ta kama shi a rikicin cikin gida, ba shi da matsayin fursunan yaƙi a doka, sai dai ƙa'idar a mutunta shi tana nan, kuma ICRC kan nemi shiga tsakani inda aka ba ta ƙofa. A kowane hali, kada iyali su shiga ciniki da wanda ya kira ya ce yana hannunsu ba tare da hukuma ta sani ba.

An ce mana "ya ɓace a fagen daga". Me wannan ke nufi, me za mu yi?

Yana nufin ba a gan shi ba bayan artabu, kuma ba a da shaidar mutuwarsa ko kama shi. Wasu kan ɓullo bayan kwanaki, sun rabu da 'yan uwansu ne a daji. Wasu a same su a asibiti ko a hannun abokan gaba. Wasu kuma ba a sake jinsu. Ku nemi a ba ku sanarwar a rubuce, da sunan ofishin da ke riƙe da maganar, ku tambayi matsayin albashinsa da haƙƙoƙin iyali a wannan tsakanin, don dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Kuna kuma iya shigar da buƙatar nema a ofishin Red Cross ko Red Crescent na ƙasarku, kyauta ne. Ku tafi da cikakken sunansa, ranar haihuwa, lambar aiki, hoto na kwanan nan, rana da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, da duk wata alama ta jiki kamar tabo ko karayar da ya taɓa yi. Kada ku yar da layin da ya san lambarsa da ka. In kun canja gida ko waya, ku koma ku sanar da duka ofisoshin biyu, domin akwai fayilolin da amsarsu ke zuwa bayan shekaru.